Makwancin Kare a Gidan Bahaushe

Duk dabbar da Bahaushe ya yarda ta zauna tare da shi, ya yanka mata wuri, ya kuma raɗa wa wurin suna. Kaza tana da akurki, doki yana da barga, akuya da tunkiya suna da turke. Turken nan ma ya kafu a harshe har masu nazarin waƙar baka suka are shi, suna kiran jigon waƙa da shi, domin a jikinsa ake ɗaure sauran zance. Ko zuma, wadda ba ta san mai ita ba, an saƙa mata amya an ɗora a reshe. Kyanwa, wadda mu nan muka fi kira mussa, ba ta da wuri mai suna, amma ba ta buƙatarsa, tunda ɗakin uwargida duka nata ne, har bisa gado. Saura kare. Shi ne yake kwana ido biyu saboda gidan, shi ne kuma idan aka ce a faɗi sunan makwancinsa sai an harhaɗa kalmomi biyu, a ce ɗakin kare ko gidan kare, mai sauraro kuma ya yi murmushi kamar an yi masa ba'a. Faransanci da Turanci kowanne yana da kalma guda tak ta wannan wuri. Mu ba mu ƙera ta ba, domin ba mu saba gina abin ba.

Ɗalibin Hausa ya lura da wani abu kafin mu yi nisa. A rubutun yau da kullum, kare dabba da kare aikatau, wato tsarewa ko shiga tsakani, kamanninsu ɗaya. Kunne ne yake raba su. A sunan dabbar, gaɓar farko gajeriya ce, murya tana farawa ƙasa ta hau sama. A aikatau kuwa wasalin farko dogo ne, murya tana farawa sama ta sauko. Ƙamusun Bargery na 1934 ya nuna karin sauti da tsawon wasali, wanda yake da shi ya duba. Sannan ga ƙare mai lanƙwasa, wato gamawa, kamar yadda karya macen kare ta sha bamban da ƙarya kishiyar gaskiya. Dacewar rubutu ce kawai ta haɗa dabbar da aikin tsaro, kada wani ya gina tarihin kalma a kanta.

Inda harshe ya tona asirin matsayin kare shi ne a karin magana da adon zance. Yaron da ke bin babbar mota, ya ɗaure kaya, ya sa waigi, ya kwana bisa buhuna ko ƙarƙashin motar, karen mota ake ce masa. Wanda mai iko ke turawa ya yi masa aikin da shi ba zai sa hannu ba, karen farauta ne. Mun yarda da gwanintarsa, shi ya sa muke cewa karen bana shi ke maganin zomon bana. Mun yarda yana da dabara, tunda in ka gan shi yana shinshina takalmi ka san ɗauka zai yi. Amma a duk waɗannan, ma'aikaci ne marar shimfiɗa. Wanda ya zaga unguwannin Damagaram da tsakar rana a watan Afrilu zai ga fassarar wannan da idonsa: kare a ƙarƙashin motar da aka aje, kare ya lafe jikin bango yana bin siririyar inuwa tana gudunsa, kare ya tona rami a gindin randa inda ƙasa ke da laima. Da hunturu kuma ka same shi da asuba ya naɗe cikin tokar murhu. Duk neman abu ɗaya yake yi, wurin da jikinsa zai huta kuma ba wanda zai zo masa ta baya.

Dalilin da ake fara kawowa addini ne, kuma ya kamata a saurare shi da kyau, domin yawancin masu kawo shi rabinsa suka riƙe. Gaskiya ne hadisi ya inganta cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da kare, kuma wanda ya riƙe kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba ladansa yana raguwa kullum. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda kusan kowane almajirin zaure a ƙasashenmu ya bi ta kanta, ta tafi a kan haka. Sai dai masu sharhin littafin sun kawo labari cewa shi kansa mawallafin, da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, ya aje kare. Da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski wannan zamani, da zaki zai aje. A kan irin wannan ne malamai da yawa suka shigar da tsaron gida cikin abin da aka yi rangwame a kansa. Haka nan a mazhabar Malikiyya, wadda ita muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a cikinta bin umarni ne na ibada. Shafi'iyya ne suka ɗauke shi najasa mai kauri. Ni dai abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aya ta 18 a Suratul Kahfi, inda aka siffanta karen samarin nan yana shimfiɗe da zira'insa a bakin kogo. Bai shiga tsakiyarsu ba, ba a kuma kore shi daji ba. Yana da wuri sananne, a bakin ƙofa, kuma har an ambaci yadda ya kwanta.

Gidana yana bayan gari, a irin sababbin unguwannin nan da gida ke nan wani ke can, tsakaninsu kangaye da filayen da ba a gina ba. Idan babbar salla ta gabato, mai rago ba ya barci sosai. Wannan ya sa na karɓo kwikwiyo baƙi daga hannun wani mafarauci, yara suka sa masa Duna, kamar yadda aka saba kiran baƙin kare. Mahaifiyata tana zaune tare da mu, kuma ita ce ta fara kafa sharaɗi. Ta ce, "Ni ban hana ka ba, amma kada in gan shi kusa da butata, ko tabarmar sallata, ko kwanon da nake cin tuwo." Na ce, "Inna, in an ba shi nasa wurin da nasa kaskon, me zai kawo shi naki?" Ta ce, "To, mu gani." Sharaɗin nata shi ya fayyace mini aikin, domin wanda ya fi kowa ƙyamar kare shi ya fi kowa buƙatar a san iyakar karen.

Hanyar da aka saba bi a birni ita ce sarƙa. A kafa ƙarfe, a ɗaure kare da sarƙar da ba ta kai taku uku ba, a bar shi nan dare da rana. Akwai wani gida da nake wucewa ta gabansa, karensu ya zagaya ƙarfen har ya tona da'ira a ƙasa, wuyansa ya saɓule, kaskon ruwansa kullum a kife domin sarƙar ce ke ture shi. Mai gidan yana alfahari da cewa karensa mugu ne. Ni abin da nake gani tsoro ne. Dabbar da aka razana tana da mafita biyu, ta gudu ko ta yi faɗa, sarƙa kuwa ta toshe ta farko. Yara su jefe shi, ba inda zai ɓuya. Rana ta juyo kansa, ba inda zai matsa. Hadari ya taso da tsawa, yana nan tsaye. Ranar da sarƙar ta tsinke, wanda ya fara cin karo da shi shi zai biya bashin, kuma sau da yawa yaro ne mai tallar da bai taɓa jifansa ba. Hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abincinta ba, yana magana ne a kan tsarewa irin wannan. Kusa da shi a littattafan Buhari da Muslim akwai na mutumin da ya shiga rijiya ya ciko huffinsa da ruwa ya shayar da kare, aka gafarta masa. Mai kafa hujja da hadisan farko ya kamata ya haɗa da waɗannan biyu.

Zafi shi ne babban abin da ya tsara ginin. Jikin kare ya fi namu ɗumi, yana tsakanin digiri 38 da 39, kuma ba ya yin gumi yadda muke yi, sai ɗan kaɗan ta tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi: ya zaro harshe, iska ta bi ta kan laimar bakinsa ta ɗauke ɗumin. Idan iskar da yake shaƙa ta kai zafin jikinsa ko ta wuce, dabarar tana raunana, mu kuwa a bazara wuce digiri 40 ba labari ba ne. Saboda haka ɗan akwatin kwano, ko tol kamar yadda muke cewa a wannan ɓangaren iyaka, wanda wasu ke sa maƙeri ya ƙera wa kare, tanda ne aka yi masa. Na ga irinsu a gidajen masu hali, an shafa musu fenti mai kyau, karen kuma yana kwance a waje, ya fi yarda da inuwar bango. Kakanninmu sun riga sun warware wannan matsala a gidajen mutane: katangar ƙasa mai kauri, rufin azara da ƙasa, ƙofa ƙarama. Zafin rana yana ɗaukar sa'o'i kafin ya ratsa irin wannan bango, kafin nan la'asar ta yi sanyi.

Da na kira magini na zana masa wurin a ƙasa da tsinke, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Malam, wannan na kaji ne ko na gawayi?" Na gaya masa. Ya yi dariya har ya dafa bango, ya ce shekara da shekaru yana gini ba a taɓa ba shi irin wannan aiki ba. Amma da ya natsu, shi ya kawo shawarar da ta fi tawa. Na so ƙofar ta dubi gabas, wajen zaure. Ya ce a'a, ruwan damina a ƙasar nan daga gabas yake bugowa, shi ya sa bangon gabas ke riga sauran zaizayewa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. Yamma kuma ranar la'asar ce za ta shiga har ƙuryar ɗakin. Kudu ta rage. Muka juya ƙofar kudu, a kusurwar da katangar gida ta haɗu da bangon zaure, ƙarƙashin dogon yaro. Kusurwa tana da amfanin da ba na inuwa kaɗai ba. Kare yana son bayansa da gefensa su jingina da abu, gabansa a buɗe, ya ga mai shigowa. Daga inda Duna yake kwanciya yana hangen ƙofar gida, amma ba ya kan hanyar mai zuwa madafa ko mai zuwa alwala.

Girman ɗakin ba ya buƙatar lissafi mai yawa. Ya ishe shi ya miƙe tsaye kansa bai taɓa rufi ba, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafafu. Idan ya yi faɗi ainun ɗumin jikinsa ba zai cika shi da hunturu ba, kuma ba zai ji a ɓoye yake ba. An ɗaga daɓen kamar taƙi ɗaya daga ƙasa saboda ruwan da ke malala a tsakar gida. A gabansa aka kewaye fili da waya, taku shida a tsaye huɗu a kwance, rabi siminti don sauƙin wankewa, rabi rairayi, domin tona rami ɗabi'arsa ce, kuma wanda bai ba shi wurin tonawa ba zai tarar an tona masa gindin shuka. Ruwa a kasko na ƙasa, wanda ke riƙe sanyi kamar randa, mai nauyin da ba ya kifewa. A garin da wani lokaci sai an jira ƴan garuwa, cika kaskon nan safe da yamma aiki ne da sai an ɗora wa mutum guda, in ba haka ba kowa ya zaci wani ya yi. Na ɗora wa babban ɗana.

Abu ɗaya ne ginin ƙasa ke da shi na cikas, wato kaska. Irin kaskar da ke bin kare ba a jikinsa take ƙare rayuwarta ba. Idan ta ƙoshi da jini sai ta sauka ta shige tsagar bango ta zuba ƙwai dubbai, ƴaƴan su fito su sake hawa. Mutum zai wanke kare da magani, bayan kwana kaɗan ya ga kamar bai yi ba, domin gidan kaskar yana cikin bango. Shi ya sa aka shafe cikin ɗakin da siminti sumul, ba tsaga ba rami, aka bar ƙasar a waje tana aikinta na tare zafi. Shimfiɗar kuwa tsohon buhu ne da ake shanyawa a rana, in ya tsufa a ƙone.

Sanyi ma yana damunsu fiye da yadda ake zato. Karnukan Sahel siraran jiki ne, gashinsu gajere, ba su da kitsen kirki. Mafi shahara a cikinsu shi ne na Abzinawa, dogo mai zurfin ƙirji da tsukakken ciki, wanda aka kai Turai a shekarun 1970, har yau kuma ake kiransa can da sunan kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali. A wurin masu shi yana tsaron dabbobi, yana kamo zomo da barewa, kuma makwancinsa yana jikin tantin iyali. Karnukan mafarautanmu suna da irin wannan ƙira ko da ba su kai shi tsawo ba. A daren Janairu za ka ga irinsu yana rawar ɗari. Tsumman bargo ɗaya a cikin ɗakin, da buhu rataye a rabin ƙofa, sun wadatar.

Gini dai shi ne mai sauƙi. Abin da ke mayar da wurin mafaka doka ce, kuma mutanen gida take ɗaurewa. Idan Duna ya shiga ɗakinsa ba mai zura hannu, ba mai jawo shi, ba mai tsokanarsa da kara ta cikin waya, ko da wasa. Ba a tura shi can don horo, domin wurin da aka saba jefa ka in an yi fushi da kai ba za ka gudu zuwa cikinsa ranar tsoro ba. A kwanakin farko ƙofar wayar a buɗe take, abincinsa kawai ake kaiwa can, har ya fara zuwa da kansa. Kare babba yana kashe kusan rabin kwana yana barci, kuma wanda ake yawan tasarwa a firgice yakan zama mai saurin kai cizo. Yanzu idan hadari ya haɗo, ko yara suka fara fasa abin ƙara da salla, ko gida ya cika da mata ranar suna, kafin a neme shi ya riga ya shige. Sai a ja ƙofar waya, baƙi su shiga su fita hankali kwance, almajiri ya yi bara a zaure ba tare da ya riƙe dutse a hannu ba.

Akwai kuma dalilin da ya wuce jin daɗin dabba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu ta cizon kare suka kamu. Kashi 40 cikin ɗari na waɗanda dabbar da ake zargi ke ciza yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Cuta ce da in alamunta suka bayyana kusan ba a tsira, alhali tun 1885 Luwi Fasto ya gwada riga-kafinta a kan ɗan Adam a Faransa. Karen da ke kwana a juji yana faɗa da na titi, ba wanda ya san abin da ya cije shi jiya. Wanda yake da makwanci kuwa ana ganinsa kowace safiya, an san ranar da ya ƙi cin abinci, ana iya kama shi a kai wa likitan dabbobi allura tun yana wata uku, ana iya tsare shi a sa masa ido idan ya ciji wani. Wanda kare ya ciza, nasa ko na wani, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya neman gashin karen.

Wurin ba kurkuku ba ne, kuma wannan shi ne inda masu gina irinsa ke yawan tsayawa rabin hanya. Kare dabbar taro ce, mai son tafiya da shinshine-shinshine. Wanda aka rufe kwana da kwanaki, ko a ɗakin da ya fi kowanne kyau, zai koma haushi ba dalili da cin ƙofa. Bayan sallar isha'i ana buɗe wa Duna ya zaga cikin katanga har asuba, aikinsa ke nan. Bayan sallar asuba, kafin rairayi ya yi zafin da zai ƙona masa tafin ƙafa, ɗana yakan fita da shi da igiya zuwa wajen duwatsu su dawo. Inna har yanzu ba ta taɓa shi ba, ba na kuma tsammanin za ta taɓa. Amma ita ce ke aiko jikarta da ƙanzon tukunya a zuba masa, kuma ran nan da aka manta kaskon ya bushe, muryarta ce ta fara tashi daga ɗaki tana tambayar wane ne bai ba dabbar nan ruwa ba.

Da na kawo maganar suna a aji, ɗalibai sun rabu. Wasu sun ce akurkin kare, tunda kalmar tana nan a hannu, wasu suka ce akurki ya riga ya yi warin kaji. Wata ta kawo makwanci, wanda aka gina da ma- ta wuri a kan aikatau kwanta, kamar yadda aka sami mazauni daga zauna da masauki daga sauka, kuma shi na ɗauka a wannan rubutu. Maginin kuwa, da wani maƙwabcina ya kira shi ya yi masa irinsa, cewa ya yi za a gina masa zauren kare.